Fulogi ya yi baƙi, babur yana shan mai: yadda za ka bi sawun matsalar da kanka

Akwai lokacin da na canja fulogi sau huɗu cikin wata guda. Babur ɗin tsohon Honda CG125 ne, wanda yayana ya bar mini da aiki ya kai shi kudu. Kullum da safe sai na yi ta buga kik har gumi ya karyo mini kafin ya tashi. In ya tashi kuma sai tari, salansa tana fitar da baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur. In na sa sabon fulogi ya yi lafiya kwana biyar ko shida, sai a koma gidan jiya.

Wani dattijon bakanike da ke aiki a gindin darbejiya a unguwarmu shi ya karɓi fulogi na huɗun. Ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya shinshina, sannan ya nuna mini baƙin da ya rage masa a yatsa. Ya ce, "Ɗana, fulogin nan lafiyarsa ƙalau. Mai ne ya yi wa injin yawa. Ko kwali guda ka sayo, haka za su ƙare." Ya buɗe akwatin iyakilina, wato matatar iskar da ke shiga inji, ya zaro soson, ƙura da baƙin mai sun mayar da shi kamar curin laka. Ya wanke shi da kananzir, ya goge tsohon fulogin ya mayar. Da wannan fulogin na ƙarasa shekarar.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babur mai shan mai ya zama rami a aljihun mai shi, musamman ɗan acaɓa da mai kai kaya kasuwar ƙauye. Kuma yawancin abubuwan da ke jawo hakan mutum zai iya gano su a ƙofar gida da sifanar fulogi, sukudireba biyu, ɗan tiyo mai haske da tsumma mai tsabta. Abin da ake buƙata shi ne a bi su a jere, daga mai sauƙi zuwa mai tsada, kuma a riƙa taɓa abu ɗaya a lokaci guda. In ka canja abu uku tare babur ya gyaru, ba ka san wanne ne ya gyara shi ba. In ya ƙara lalacewa ma ba ka sani ba.

Abin da ke faruwa a cikin injin

Fetur ba ya ƙonewa sai da iska, kuma iskar da yake so tana da yawa: wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, in aka auna da nauyi. Aikin kafireto ke nan, ya haɗa su daidai. In mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, wani ɓangare na man ba zai ƙone ba, sai ya zama kunkunniya ya manne a bakin fulogi. Ita kuwa kunkunniya wuta tana bin jikinta. Maimakon wutar ta yi tsalle tsakanin tsinken tsakiya da lanƙwasasshen ƙarfen da ke kansa ta ba da tartsatsi, sai ta silale ta jikin farin tangaran ɗin ta shige ƙarfen inji. Daga nan babur ya fara katsewa, daga baya ya ƙi tashi sam.

Fulogi yana iya ƙone dattin bakinsa da kansa, amma sai zafin bakin ya kai wajen digiri 450 zuwa 500. Babur ɗin da kullum daga gida zuwa masallaci ne, ko daga shago zuwa bakin titi, ko wanda ake bari yana silo, wato inji na aiki babur yana tsaye, na tsawon lokaci ana hira, ba ya kaiwa wannan zafin. Irin wannan ko kafireto lafiya yake, fulogin zai riƙa yin duhu. Ka riƙe wannan a ranka kafin ka zargi kowa.

Ka ciro fulogin, amma a lokacin da ya dace

Fulogin da ka ciro bayan ka yi ta buga kik sau ashirin ba zai gaya maka komai ba, dole ka same shi a jiƙe. Haka wanda ya daɗe yana silo. In babur yana iya tashi, sa fulogi mai tsabta, ka hau shi ka yi tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin a titi mai sarari, da irin gudun da ka saba. Kana cikin tafiyar ka kama kuloci, ka kashe makulli, ka gangara gefen titi ba tare da ka bar shi ya yi silo ba. Abin da ka gani a bakin fulogin nan shi ne ainihin yadda injin ke ƙona mai a wannan matakin totur.

Bar kan injin ya huce kafin ka kwance. Kan injin alminiyom ne, kuma tiredinsa, wato zaren da fulogi ke murɗuwa a ciki, yana saurin cinyewa in aka murɗa da zafi. Cire hular fulogi ta hanyar kama hular kanta, kada ka ja wayar. Hure ƙasar da ta taru a ramin, domin da zarar fulogin ya fita duk tsakuwar da ke wurin cikin silinda za ta faɗa. Sannan ka kwance da sifanar da ta dace: lamba 18 ga CG125 da irinsa, lamba 16 ga yawancin ƙananan roba-roba.

Fito da shi fili inda rana take. Abin dubawa shi ne farin tangaran ɗin da ya kewaye tsinken tsakiya, har can ciki, ba bakin tiredi kaɗai ba.

In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, kamar shayin da aka zuba wa madara ko ɓawon soyayyar gyaɗa, injinka yana ƙona mai yadda ya kamata. In baƙi ne wuluk, busasshe, mai laushi, wanda in ka shafa yake biyo yatsa kamar baƙin gindin tukunya, to mai ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan, ko wutar ba ta da ƙarfi. In baƙi ne mai sheƙi da danƙo, baƙin mai ne ke shiga inda bai kamata ba. In kuma a jiƙe yake amma ba danƙo, shinshina. Warin fetur za ka ji. Ajiye shi a rana minti biyu: fetur zai bushe, baƙin mai ba zai bushe ba. Wannan ɗan gwajin yana raba gardama tsakanin gyaran naira kaɗan da buɗe inji.

Akwai kuma fari fat, wani lokaci da ƙananan ƙuraje a jikin tangaran ɗin. Wannan kishiyar matsalarmu ce, mai ne ya yi kaɗan, kuma ya fi baƙin haɗari. Zan dawo kansa.

Alamomin da ke tafiya tare da busasshen baƙi ba sa ɓuya. Babur yana tashi da sanyin safiya ba tare da an ja cok mai ƙara wa inji mai ba, amma yana yin zafi sai ya fara nauyi. In ka murɗa totur yana burburwa kafin ya ɗauka. Bakin salansa ya yi kunkunniya. Ga wani gwaji da ba ya cin ko sisi: babur yana silo bayan ya yi zafi, ka rufe makunnin mai na ƙarƙashin tanki ka tsaya kana saurare. In bayan ɗan lokaci ƙarar injin ta washe, silo ya ɗaga sosai ya daɗe a haka kafin ya mutu, to da ma man da ke shiga ya yi yawa, kuma akwai alamar kwanon kafireto yana cika fiye da kima.

Cok da iyakilina

Fara da cok, domin shi ne mafi arha. A CG125 da kwafinsa ɗan hannu ne a jikin kafireto mai juya wani faifai da ke toshe hanyar iska. Na sha ganin mutum yana yawo wata da watanni da cok a rabi, saboda ya rikita sama da ƙasa. Kada ka dogara da zato. Cire robar da ta haɗa kafireto da akwatin iyakilina ka leƙa: in cok a kashe yake, faifan zai kwanta ya bar hanya a buɗe gaba ɗaya. In ya tsaya a karkace, sifirin ɗinsa ya saki ko hannun ya lanƙwashe. A kafireto irin na Mikuni, wanda aka fi gani a babura masu shan tu-ti, man da inji ke ƙonawa tare da fetur, kamar Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da aka kwaikwaya daga gare shi, cok ɗan turmi ne mai roba a gindi wanda ke toshe wata hanyar mai ta daban. In robar ta cinye ko turmin bai sauka har ƙasa ba, mai zai yi ta zuba ko da hannun cok ya nuna a kashe. Kwance shi ka duba robar.

Sai iyakilina. A ƙasarmu wannan shi ne babban mai laifi, kuma shi aka fi mantawa da shi. Wanda ke bin hanyar burji kullum, ko ya ratsa hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu bai buɗe akwatin ba, ya san abin da zai tarar. Soson da ya toshe yana aiki ne tamkar cok: injin yana zuƙa, iska ba ta zuwa, sai ya zuƙo mai a madadinta. Don ka tabbatar, cire soson a wurin da babu ƙura ka ta da babur na minti ɗaya. In ya washe ya riƙa ɗaukar totur da sauri, ka kama ɓarawonka. Amma kada ka hau titi a haka. Ƙurar da za ta shiga cikin mako guda ta isa ta cinye ring da silinda.

In na soso ne, wanke shi da kananzir, ka matse shi a tafin hannu ba tare da ka murɗa shi ba don kada ya yage, ka bar shi ya bushe sarai. Sannan ka ɗiga masa baƙin mai sabo, ka murza ya game ko'ina, ka matse rarar har sai ya daina ɗiga. A nan mutane da yawa ke kuskure: suna tsoma soson cikin mai su mayar yana zuba, sai sabon wanki ya toshe iska fiye da tsohon datti. In soson ya fara marmashewa a hannu, ya gama aiki, sayi wani. In kuwa na takarda ne, ba a wanke shi ba a sa masa mai. Kakkaɓe shi, in ya yi baƙi ka canja. Ka kuma duba bakin da iska ke shiga akwatin, wanda a babura da yawa yana ƙarƙashin kujera ko bayan murfin gefe. Tsumma, leda da takardun babur da ake cusawa a wurin sun sha toshe shi.

Kwanon kafireto da fulot

In cok da iyakilina lafiya suke, sauka ƙasa. A gindin kafireto akwai kwano da mai ke taruwa, a cikinsa akwai fulot mai yawo a kan man. In mai ya kai iyakarsa fulot ya taso ya tura wata 'yar allura mai bakin roba ta toshe hanyar. In allurar ba ta rufewa da kyau, mai zai wuce iyaka, injin ya riƙa shan fiye da rabonsa a kowane mataki na totur. In abin ya yi yawa za ka ga mai yana ɗiga ta tiyon ƙasa, abin da bakanike ke kira obafulo. Amma sau da yawa bai kai ya zuba ba, ya dai hau sama da inda ya kamata, kuma ba za ka gani daga waje ba.

Ga yadda ake ganinsa ba tare da an kwance komai ba. Kafa babur a tsaye sosai a kan sitan ɗin tsakiya. Sa tiyo mai haske a bakin magudanar kwanon, ka lanƙwaso shi sama ka jingina shi a jikin kafireto. Buɗe makunnin mai, ka sassauta sukurun magudanar. Mai zai hau cikin tiyon ya tsaya daidai inda ya tsaya a cikin kwanon. A yawancin waɗannan kafireto ya kamata ya tsaya kusa da layin da kwano ya haɗu da jiki, ko ƙasa da shi kaɗan. In ya haura layin, ko ka ga yana ta hawa a hankali ba ya tsayawa, matsalar tana nan. A wasu kafireto tiyon obafulo da magudanar bakinsu ɗaya, gwajin yana yiwuwa duk da haka. Ka yi wannan aikin a fili, inji a sanyaye, nesa da murhu da mai shan taba.

Rufe mai, kwance kwanon. Dubi abin da ya kwanta a gindinsa. Jan gari alamar tanki ya yi tsatsa ne. Ɗigon da ke birgima a ƙarƙashin fetur ruwa ne. Ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta hana allurar rufewa, kuma in ba ka wanke tankin ka sa 'yar matatar mai a tiyo ba, gobe ma za ta dawo. Zare fil ɗin fulot, ka fito da allurar ka duba bakin robar a rana. In ka ga zobe ya fito a jikinsa kamar an ɗaure shi da zare, ya cinye, canja shi. Girgiza fulot ɗin kusa da kunne: in ka ji mai yana motsi a ciki, ya huje, ya yi nauyi, ba zai ƙara tasowa daidai ba. In fulot ɗin mai ɗan harshen ƙarfe ne, ana lanƙwasa harshen kaɗan wajen allurar don a rage tsayin mai, amma kaɗan ƙwarai, sannan a maimaita gwajin tiyo. Na roba zalla ba a lanƙwasa shi, sai canji.

Duk babur ɗin da ya yi obafulo, zaro gejin baƙin mai ka shinshina. In makunnin mai ya kwana a buɗe, fetur yana iya gangarawa ta silinda ya sauka cikin baƙin mai ya tsinka shi. In ka ji warin fetur ko ka ga man ya ƙaru da kansa, juye shi kafin ka sake hawa. Kuma ka saba da rufe mai duk lokacin da ka ajiye babur.

Sukuru, allura da jet

Kafireto ba hanya ɗaya yake ba da mai ba, yana da jet, wato 'yan tagulla masu siririn rami da mai ke bi. Daga silo zuwa kusan kwatan totur, ƙaramin jet da sukurunsa ne ke aiki. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, doguwar allurar da ke rataye a fistin ɗin totur ce. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet. Saboda haka ka lura da inda babur ɗinka ke burburwa. In a silo ne da tashi daga tsaye, kada ka taɓa babban jet. In a tsakiyar gudu ne, sukuru ba zai gyara shi ba.

Sukurun gefen kafireto biyu ne. Mai babban kai da sifirin a waje na ɗaga silo ne kawai. Ƙaramin shi ke daidaita haɗin, kuma iri biyu ne, wanda rashin bambance su ya sa mutane da yawa suna ƙara mai suna zaton ragewa suke. In ƙaramin sukurun yana ɓangaren iyakilina, na iska ne: kwance shi yana ƙara iska, wato yana rage ƙarfin mai. In yana ɓangaren inji, sau da yawa daga ƙasa kamar a CG125, na mai ne: kwance shi yana ƙara mai.

Kafin ka canja komai, ɗaure shi a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙarshe, ka rubuta adadin. Kada ka matse, bakinsa siriri ne kuma yana karyewa a ciki. Mayar da shi zagaye ɗaya da rabi, wanda nan ne mafari mai kyau ga yawancinsu. Ta da babur ya yi zafi sosai, ɗaga silo kaɗan, sannan ka riƙa juya ƙaramin sukurun kwatan zagaye kana jiran daƙiƙa goma sha biyar kana saurare. Kana neman inda ƙarar ta fi ɗagawa ta fi santsi. In ka samu, sauke silo da babban sukurun. Na CG125 wajen zagaye 1,400 ne a minti, wato ƙara mai natsuwa da ba ta barazanar mutuwa. In sukurun mai ne ka ɗaure shi gaba ɗaya injin bai ko girgiza ba, mai yana shigowa ta wata hanya, koma kan fulot da cok. In na iska ne ka kwance ya wuce zagaye uku bai washe ba, ƙaramin jet ya yi faɗi ko ramin iskarsa ya toshe.

Maganar faɗin jet tana da muhimmanci a tsohon babur. Jet tagulla ne mai laushi, kuma duk lokacin da aka zura masa wayar burki ko allurar ɗinki da sunan sharewa, ramin yana ƙaruwa. Bayan sabis goma lambar da ke rubuce a jikinsa ta zama ƙarya. Ana wanke jet da fetur a hure shi da iskar mai faci, a ɗaga shi a rana a ga haske ya ratsa. In kana shakkarsa, sayi sabo mai lamba ɗaya da na asali, kuma ka sani lambar jet ɗin kamfanin Keihin da ta kamfanin Mikuni ba ma'auni ɗaya ba ne, ba a musanya su. Ka tabbatar babban jet a ɗaure yake, domin yakan kwance da girgiza har ya faɗo cikin kwano. Ka kuma hure ƙananan ramukan da ke bakin kafireto ta wajen iyakilina, su ne ke kai wa jet iska.

Allurar totur kuma, kwance murfin saman kafireto ka zaro fistin ɗin. A yawancinsu saman allurar yana da tsagi biyar da ɗan kilif, wanda galibi a na tsakiya yake zama. Mayar da kilif tsagin sama yana sauke allurar ya rage mai, mayar da shi ƙasa yana ɗaga ta ya ƙara mai. In ka same shi a ƙasa, wani ne ya kai shi don neman gudu, mayar da shi tsakiya. Murza allurar tsakanin yatsu ka duba ko ta yi sheƙi ta sirance a gefe guda. Shekaru na girgiza suna sa ita da bututun da take shiga su cinye juna, ramin ya koma kamar ƙwai. Wannan ita ce cutar da ta fi kama babur mai shekaru: komai ka gyara, tsakiyar totur tana nan da nauyi. Maganinta a canja allurar da bututunta tare.

Wuri da yanayi ma suna da tasiri. Iskar kan tudu ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Babur ɗin da aka saita a Kano, wadda tsayinta bai kai mita 500 daga teku ba, in ya koma Jos mai wajen mita 1,200 zai ɗan ƙara shan mai. Haka saitin da aka yi da sanyin Janairu yakan yi nauyi a zafin Afrilu. Yawanci ɗan juyin sukuru ko tsagi ɗaya na allura ya isa.

A nan zan dawo kan farin fulogi, domin abin yana damuna. Tsadar mai ta sa masu babur da yawa suna zuwa gareji su ce a rage musu shan mai, a shaƙe sukuru, a sauke allura har ƙasa, a sa ƙaramin jet. Injin waɗannan babura iska ce kaɗai ke sanyaya shi, kuma fetur ɗin da ke shiga yana taimakawa wajen rage masa zafi. In ka shaƙe shi fiye da kima zai yi zafi, bawul ya ƙone, fistin ya kama, a ce ya yi nokin. Kuɗin fistin da ring da boran silinda ya ninka abin da aka tsimi a gidan mai. Ruwan ƙasa-ƙasa ake nema, kuma in dole sai an karkata, gara ya ɗan yi duhu da ya yi fari.

In kafireto ba shi da laifi

Wuta marar ƙarfi tana baƙanta fulogi daidai yadda yawan mai ke yi, domin man da bai kama wuta ba nan yake zama. Sa fulogi mai kyau a hularsa, ka jingina tiredinsa a jikin ƙarfen inji nesa da ramin fulogin, ka riƙe ta roba, wani ya buga kik. A inuwa za ka fi gani. Ana son tartsatsi shuɗi mai ƙara a kowane bugu. In ja-ja ne siriri, ko yana zuwa yana ɗaukewa, bi layin. Murɗe hular daga wayar ka duba bakin: in ya yi kore ko baƙi, yanke kamar rabin santimita ka sake murɗa hular. Hula mai rizisto takan nuna wajen om 5,000 a mita, in ta nuna ninkin haka ko ba ta nuna komai ba, ta mutu. Duba inda kwayil ya ɗauru da firam, tsatsa a wurin tana raunana wuta. A Honda da yawancin kwafinsa koriyar waya ita ce atin, wato wadda ke haɗe da ƙarfen babur, baƙa mai ratsin fari kuma ita ke kashe inji. In ta goge tana taɓa ƙarfe, wuta za ta riƙa ɗaukewa. Tsofaffin CG125 na farko, kafin zuwan akwatin wuta na CDI, masu kontak ne, wato 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa su ba da wuta: goge bakin kontak ɗin, ka saita buɗewarsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, in yana ta tartsatsi da yawa kuma ka zargi kwandensa.

In kuwa fulogin mai danƙo ne, fara da duba ko baƙin mai ya wuce geji. A Honda ana aunawa ne babur a tsaye, a ɗora gejin ba tare da an murɗa shi ciki ba. Man da ya yi yawa yana bin tiyon numfashi ya shiga akwatin iyakilina. In geji daidai ne, kalli hayaƙin. Shuɗin hayaƙi da safe wanda ke ɗaukewa bayan minti kaɗan, sil ɗin bawul ne. Wanda ke ƙaruwa duk lokacin da ka murɗa totur, ring ne ko silinda. Bakanike mai gejin kwamfireshan zai tabbatar maka: a buɗe totur gaba ɗaya a buga kik har allurar gejin ta tsaya, sannan a zuba ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin fulogi a sake. In ya ɗaga sosai ring ne, in bai motsa ba bawul ne. Kafin a buɗe inji a fara duba tafet, wato 'yar tazarar da ake bar wa bawul, na CG125 milimita 0.08 ne inji a sanyaye, domin bawul ɗin da aka matse ba ya rufewa.

Masu AX100 da Jincheng, naku daban ne, tunda injin da ma yana ƙona tu-ti tare da fetur. Abin da ke kashe muku fulogi shi ne a zuba tu-ti a tanki alhali famfon tu-ti yana aiki, ko a zuba baƙin man mota, ko wayar famfon ta maƙale a buɗe. Famfon yana da alamar saiti a jikinsa, a duba ta. In man giya yana raguwa ba tare da yana zuba a ƙasa ba, ga hayaƙi mai kauri, sil ɗin kiransha na ɓangaren kuloci ne ya saki. Salansar da kunkunniya ta toshe ma tana shaƙe irin wannan injin.

Mayar da fulogi

Duba lambar da ke jikin tangaran. CG125 yana amfani da NGK D8EA, yawancin roba-roba kuma C7HSA. A tsarin NGK, lamba mafi girma tana nufin fulogi mai saurin zubar da zafi, don haka in aka sa maka 9 a gurbin 8 zai riƙa yin baƙi a zirga-zirgar cikin gari. Sauka zuwa 7 don a ɓoye matsalar kafireto kuwa ba gyara ba ne, a doguwar tafiya yana iya huda fistin. Tsawon tiredi ma ya zama daidai da na asali. Jabun fulogi sun yi yawa a kasuwa, ka saya inda ka yarda da shi, kuma ka yi shakkar wanda arharsa ta yi yawa.

Wanda busasshen baƙi ne kawai ya kama, goge shi da buroshi da ɗan fetur har cikin lungun tangaran, ka bar shi ya bushe. In tangaran ya tsage ko tsinken tsakiya ya cinye ya yi mulmul, jefar da shi. Saita tazarar bakin da filageji, siraran ƙarafan auna tazara, milimita 0.6 zuwa 0.7, ta hanyar lanƙwasa ƙarfen waje kaɗai. Fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna, in ya yi tauri tun farko ka fito da shi ka sake, tiredi ne ya hau karkace. Sabo mai sabuwar wosha, ƙara masa kamar rabin zagaye da sifana. Wanda aka taɓa ɗaurawa, ɗan matsi kaɗan ya isa.

Sai ka koma titin da ka yi gwajin farko, ka maimaita tafiyar, ka kashe a cikin gudu ka sake ciro shi. Cika tanki har baki, rubuta lambar kilomita, ka yi harkarka ta mako guda, ka sake cikawa ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Ka sake duba fulogin a ranar, ka kwatanta kalarsa da ta ranar farko.